Su waye masu gabatarwa da 'yan wasan tsohon rediyon Amurka, kuma ina suka shige?

Malam ka ce ka ci karo da tsofaffin wasannin kwaikwayo na rediyon Amurka a YouTube, irin na wajen 1935 zuwa 1950 da wani abu, sai ka ji mai gabatarwa ya faɗi sunansa, yayi tallan sabulu ko taba, can tsakiyar wasa kuma sai gashi ya shigo ana tsokanarsa kamar shima ɗan wasa ne, shine kake son sanin su waye mutanen nan, wa ke biyansu, kuma ya akayi suka ɓace gaba ɗaya.

Toh abu ɗaya zaka riƙe, in ka riƙe shi sauran duk zai warware maka: a wancan zamanin galibi shirin ba na gidan rediyo bane, na kamfanin da ya ɗauki nauyi ne. NBC da aka kafa a 1926 da CBS da ta biyo baya a 1927 fili kawai suke sayarwa, rabin awa ko awa guda, sai kamfanin dillancin talla irin su J. Walter Thompson ko Young & Rubicam ya ɗauko marubuta da 'yan wasa da makaɗa da mai gabatarwa, ya haɗa shirin da kansa a madadin mai kaya, gidan rediyo nashi makirfo ne da waya da injiniya. Shi yasa zaka ga sunan shiri ma sunan kaya ne, Chase and Sanborn Hour kofi ne, Lux Radio Theatre sabulu ne, Kraft Music Hall cuku ne. Mai gabatarwa kuwa shine bakin kamfanin a cikin ɗakin, ɗan kasuwa ne mai daɗin murya, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai dole yayi masa aski.

Amma ba haka aka fara ba. Lokacin da KDKA ta Pittsburgh ta karanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ranar 2 ga Nuwamba 1920 babu wata sana'a wai ita gabatarwa, kamfanin Westinghouse rediyo yake son sayarwa sai ya buɗe tasha don mutane su samu abin saurare, wanda ya zama mai gabatarwarsu na dindindin a 1921, Harold Arlin, injiniyan kamfanin ne da ya leƙo kallo aka ji muryarsa ta dace. A tashar WJZ ta Newark ma hana su faɗin suna akayi, harafi uku ake basu, Tommy Cowan shine ACN, Milton Cross AJN, shuwagabanni basa so ma'aikaci yayi suna ya zo yana neman ƙarin albashi ko wata tasha ta ɗauke shi. Masu saurare ne suka karya wannan dokar da wasiƙu, kowa na tambaya wai waye mai muryar nan. A 1922 kuma WEAF ta New York ta sayar da minti goma ga wani kamfani mai tallan gidaje, daga nan aka gane inda kuɗin yake.

Wanda ya fara nuna cewa mai gabatarwa zai iya zama tauraro shine Graham McNamee. Mawaƙi ne asali da bai samu karɓuwa ba, ya shiga WEAF a 1923, a shekarar aka bashi sharhin wasan ƙarshe na gasar besbol, 'yan jaridar wasanni suna ta ƙorafi wai bai san wasan ba yana kuskuren sunaye, kuma gaskiyarsu ne wani lokacin, amma shi ya gane abin da basu gane ba, cewa mai saurare baya gani, don haka sai ya gaya masa yadda sama take, yadda jama'a suka miƙe tsaye, ihun da ake yi, har wanda ke zaune a ɗaki ya ji kamar yana filin. A 1924 ya zauna kan babban taron jam'iyyar Democrat da aka kaɗa ƙuri'a sau 103 kafin a fidda ɗan takara, yana cike gibi da baki kawai babu takarda. Zuwa 1927 hotonsa ya hau bangon mujallar Time. Duk mai sharhin ƙwallo da kake ji yau yana ɗaga murya tun kafin a buga, jikan McNamee ne ko bai sani ba. Kuma ka lura da inda ya ƙare, a 1932 gashi a shirin barkwanci na Ed Wynn yana karanta tallan man fetur na Texaco, Wynn na katse shi yana maida tallan abin dariya.

Wannan salon shine ka ji ya baka mamaki. Kamfanoni sun lura cewa da an fara talla mutane sai su tashi su shiga kicin, sai aka ce to a cusa tallan cikin wasan yadda ba za'a iya raba su ba. Misalin da yafi kowanne shine Harlow Wilcox a shirin Fibber McGee and Molly, wanda miji da mata na gaske, Jim da Marian Jordan, suka fara a 1935, kamfanin Johnson mai man goge daɓe ke ɗaukar nauyi. Yadda abin yake, ana tsakiyar labari, Fibber na ta cika baki kan wani aiki da ya ɗauko wanda bai iya ba, sai a ƙwanƙwasa ƙofa Wilcox ya shigo a matsayin maƙwabci, a gaisa, a ɗan taɓa hira kan abin da ake ciki, ko maganar me ake, zaɓe ne ko kamun kifi ko ciwon haƙori, sai ka ji yana lanƙwasa zancen a hankali yana nufar daɓen kicin, Fibber ya gano inda aka dosa ya fara nishi yana roƙonsa ya bari, 'yan kallo a zaure su fashe da dariya tun kafin a ambaci sunan man, shi kuma ko a jikinsa sai ya kai ƙarshen tallansa sannan yayi sallama. Mutane har jira suke suga ta wace hanya zai ɓullo wannan makon. Ni a ganina ba'a taɓa yin talla mai wayo irin wannan ba, don an sa ka kana dariyar tallan alhali kana haddace shi.

Don Wilson haka yake a shirin ɗan barkwanci Jack Benny tun 1934. Mai sharhin wasanni ne da farko, ƙato mai jiki, Benny ya maida ƙibarsa abin tsokana na shekara da shekaru, shi kuma aikinsa ya jero ɗanɗano shida na Jell-O, wani garin kayan zaƙi da ake damawa a sa a firij ya daskare. Da Benny ya koma tallan taba Lucky Strike a 1944 Wilson ya bi shi, ya bi shi har talabijin zuwa 1965, sama da shekara 30 kenan da ubangida ɗaya. Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu murya mai nauyi da ba'a wasa da su, irin Milton Cross ɗin nan da ya fara da AJN, shi ya samu lambar iya furuci ta farko da wata cibiyar adabi ta Amurka ta bayar a 1929, ya kuma riƙe gabatar da waƙoƙin gidan opera na Metropolitan duk ranar Asabar daga 1931 har ya rasu a Janairun 1975. A NBC ana gwada mai neman aikin da sunayen mawaƙan Faransa da Jamus da Italiya da Rasha, in harshenka ya sarƙe ka tafi gida. Duk da haka ana tuntuɓe, Harry von Zell a 1931 ya juya sunan shugaba Herbert Hoover ya ce Hoobert Heever, bai hana shi ci gaba ba, amma har ya mutu ana tuna masa.

Dalilin da yasa abin ya zo maka baƙo, mu rediyonmu ta hannun Ingila ya zo, kuma BBC ba da talla take rayuwa ba, kuɗin lasisi ne, don haka can mai gabatarwa muryar hukuma ce ba ta ɗan kasuwa ba, ba ya faɗin suna, daga 1926 ma kwat ɗin dina suke sawa su karanta labaran dare alhali ba mai ganinsu. Sai a 1940 da ake tsoron Jamusawa su kwaikwayi muryar BBC su yaɗa ƙarya aka ce su Alvar Lidell su riƙa faɗin sunansu don jama'a su san muryoyin gaske. Wannan tarbiyyar ta nutsuwa da kame kai ita tsofaffin ma'aikatanmu suka gada, har sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Abin dariya kuwa, masu gabatarwa a tashoshin FM na yanzu da ke karanta tallan mai magani ko mai shadda da bakinsu a tsakiyar shiri sun fi kusa da Wilcox akan Lidell.

Sai 'yan wasa. Su kashi biyu ne kuma tazarar dake tsakaninsu babba ce. Akwai taurari da suka zo daga dandalin barkwanci da suna a hannu, su Benny, Fred Allen, Eddie Cantor, George Burns da matarsa Gracie Allen, har da Edgar Bergen, mutumin da sana'arsa ita ce riƙe 'yar tsana ya sa ta magana ba tare da an ga bakinsa na motsi ba, ka duba fa, a rediyo, inda ba mai ganin bakin balle tsanar, amma daga 1937 shirinsa na cikin waɗanda aka fi saurare a ƙasar. Sannan akwai ma'aikatan murya, waɗanda su ne ƙashin bayan abin kuma yawanci ko sunansu ba'a faɗa. Mutum ɗaya zai yi likita a wasan safe, ɗan fashi da rana, tsoho da daddare, a tashoshi daban daban, ana biyansa kowane shiri da kuɗinsa. Ɗan wasa kuma darakta Orson Welles da bakinsa ya ce motar asibiti yake haya ta riƙa jiniya tana ratsa cunkoson New York da shi daga wannan sitidiyo zuwa wancan, ya iso a miƙa masa takarda ya tambaya wa zan zama, a gaya masa ya fara. Sai a 1937 suka kafa ƙungiyarsu AFRA, Cantor ya zama shugabanta na farko, don kafin nan awannin gwaji da yawa kyauta ake yinsu.

Kuma kai tsaye ake komai. NBC da CBS sun haramta sa shirin da aka naɗa a faifai, wai sai shiri mai rai, to gashi tsakanin New York da California awa 3 ne, don haka shiri da yawa sau biyu ake yinsa a dare ɗaya, a gama na gabas a je a ci abinci a dawo a sake na yamma daga farko. A cikin sitidiyo zaka ga mutum huɗu biyar tsaye kewaye da makirfo ɗaya kowa da takardunsa, in ya gama shafi sai ya sake shi ya faɗi kan kafet a hankali don kar a ji ƙarar takarda, mai son a ji kamar daga nesa yake magana sai ya ja da baya taku biyu, darakta na bayan gilas yana magana da hannu, in ya juya yatsa a sauri a ƙara gudu, in ya ja hannuwa kamar yana jan roba a rage. A gefe ga mai haɗa sauti da tarkacensa, ƙoƙon kwakwa biyu a tiren tsakuwa shine gudun doki, takardar leda in aka murza wuta ce ke ci, ga ƙaramar ƙofa da ake buɗewa a rufe. Ran da faifan ƙarar tsohuwar motar Benny ya ƙi tashi, Mel Blanc, wanda daga baya duniya ta sani da muryar Bugs Bunny, shi ya matso ya yi tarin injin da bakinsa, daga ranar aka bar masa.

Rashin gani ya basu 'yancin da ɗan fim bai da shi. Virginia Payne tana 'yar ashirin da wani abu ta fara fitowa a tsohuwa Ma Perkins a 1933, wasan da kamfanin Procter & Gamble ke tallan garin sabulun Oxydol da shi, ta yi shekara 27 tana yi, fitowa 7,065, bata taɓa fashi ba, in za'a kaita taro sai an sa mata furfurar ƙarya da tabarau don kar matan da ke aiko mata wasiƙa suna neman shawara su ga yarinya. Bud Collyer shi kaɗai ne Clark Kent kuma shine Superman, murya kawai yake saukarwa a tsakiyar jimla. Na Lone Ranger, jarumin wani wasan kaboyi, ya fi taɓa ni, tashar WXYZ ta Detroit ta ɓoye sunan mai yinsa, Earle Graser, har maƙwabtansa da yawa basu sani ba, sai a Afrilun 1941 yayi hatsarin mota ya rasu, ga shiri dole ya fita ga yara miliyoyi na jira, sai marubuta suka sa aka harbi jarumin a labari, ya kwanta jinya baya magana sai nishi da raɗa, abokinsa Tonto ya riƙe labarin na 'yan kwanaki, da ya warke ya buɗe baki sai muryar Brace Beemer, wanda shine mai gabatar da shirin a da. Kaga nan mai gabatarwa ya zama jarumi ɗungurungum, ya riƙe har 1954.

Amma wannan rashin ganin yana da mummunar fuska, kuma bai kamata a tsallake ba. Shirin da ya fi kowanne tashe a farkon zamanin, Amos 'n' Andy, wanda ya hau NBC a 1929 da tallan man goge baki Pepsodent, labarin baƙaƙen fata biyu ne a birni, amma Freeman Gosden da Charles Correll dake yinsu farare ne suna kwaikwayon maganar baƙaƙe, har gidajen sinima kan tsayar da fim minti 15 su sa shirin a lasifika don kar su rasa 'yan kallo. Jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier ta yi gangamin a soke shi a 1931 ba'a saurare ta ba. Beulah, 'yar aiki baƙar fata a wani wasan barkwanci, da farko namiji ne fari, Marlin Hurt, ke yin muryarta, sai a 1947 aka ba Hattie McDaniel. Eddie Anderson da ya shigo shirin Benny a 1937 ya zama Rochester yana cikin baƙaƙen farko da suka samu gurbi na dindindin a shirin ƙasa baki ɗaya, ya samu kuɗi sosai kuma a wasan sau da yawa shi ke cin galaba kan maigidan nasa da baki, amma dai yaron gida ne matsayin. Mata kuwa an yarda suyi wasa amma gabatarwa kusan a rufe take, ana cewa muryarsu bata da iko, ko BBC da ta gwada Sheila Borrett a 1933 wata uku kawai tayi aka cire ta saboda ƙorafi.

Ƙarfin muryar mai gabatarwa, wato yadda jama'a suka yarda da ita, an ganshi a abubuwa biyu da suke haɗe. Ranar 6 ga Mayu 1937 Herbert Morrison na tashar WLS ta Chicago ya je Lakehurst ya naɗi saukar jirgin balan-balan na Jamus, Hindenburg, sai jirgin ya kama da wuta a gabansa, mutum 36 suka mutu, muryarsa ta karye yana kuka yana ba da haƙuri, kuma ba kai tsaye bane kamar yadda mutane ke zato, a faifai ne, washegari aka sa, NBC ta karya dokarta saboda shi. Bayan shekara ɗaya da rabi, 30 ga Oktoba 1938, Welles yana ɗan shekara 23 ya shirya War of the Worlds a CBS da sigar labarai da ɗumi-ɗumi, wai halittun duniyar Mars sun sauka a New Jersey, Frank Readick da ya fito a ɗan rahoto faifan Morrison ya zauna ya yi ta saurare har ya kwashe yadda murya ke rawa. Wasu sun firgita da gaske, amma batun wai duk Amurka ta fita titi jaridu ne suka hura, binciken masu ƙidayar saurare na daren ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne ke kan shirin, da yawa suna wajen Bergen da 'yar tsanarsa. Shirin Welles bai da mai ɗaukar nauyi kafin daren, bayansa kamfanin miyan gwangwani Campbell ya ɗauka har aka canza masa suna.

Yadda suka ɓace kuwa bin sawun kuɗin zaka yi. Mawaƙi Bing Crosby ya gaji da kai tsaye, a 1946 ya koma ABC da sharaɗin naɗa, 1947 ya fara amfani da tef da aka samo fasaharsa daga Jamus bayan yaƙi, da zarar ana iya yankewa a gyara, ƙwarewar wanda baya kuskure ta rage daraja. Sai talabijin ta taso daga 1948, kamfanoni suka kwashe kasafinsu suka koma can, kuma tunda shirin nasu ne da sun tafi ya mutu ko da yana da masu saurare. Ga kuma jerin sunaye 151 da aka wallafa a 1950 na waɗanda ake zargi da kwaminisanci, kamfani mai tsoron a ƙaurace wa kayansa sai ya daina kiran mutum ba tare da ya ce komai ba. Masu suna sun haye, Benny da Burns da Wilson da von Zell duk sun koma talabijin. Wasu fuska ta kashe su, William Conrad ya riƙe Matt Dillon, jarumin wasan kaboyi Gunsmoke, a rediyo daga 1952 zuwa 1961 da murya kamar tsawa, amma da za'a kai shi talabijin a 1955 aka ga yayi ƙiba aka ba James Arness dogo. Saura suka watsu cikin zanen yara da muryar talla. Wasannin rana na ƙarshe, har da Ma Perkins, sun rufe 25 ga Nuwamba 1960, sai ranar 30 ga Satumba 1962 CBS ta sa Suspense da Yours Truly, Johnny Dollar na ƙarshe, ita ake ɗauka ranar rufe zamanin. Rediyo ya koma faifan waƙa da labarai da mutum ɗaya a ɗaki.

In zaka ci gaba da saurare, shafin Internet Archive yafi YouTube tsari, kuma ka fara da Gunsmoke don Turancinsu a hankali yake, sai Sorry, Wrong Number na 1943 da Agnes Moorehead ta riƙe kusan ita kaɗai da wayar tarho rabin awa. Barkwancin yafi wuyar shiga don rabinsa sai ka san halin kowa tukuna. Kuma zaka riƙa cin karo da wasu da babu talla sam, kiɗa ne a inda ya kamata mai gabatarwa yayi magana, waɗannan yawanci kwafin rediyon sojojin Amurka ne da aka kafa a 1942, suna naɗar shirye-shiryen a manyan faifai masu inci 16 su aika wa dakaru a fagen yaƙi bayan sun yanke tallan, da yawa daga abin da ya tsira ta hannunsu ya tsira. Tunda kai mai gabatarwar kake bi, nemi wanda aka rubuta cewa kwafin NBC ko CBS ne da tallansa.